Fitilar da Filibus Ya Ɗaura

Akwai wani mutum wanda ya yi shekara talatin yana aikin jirgin ƙasa. Da ya bar aiki, sai ya sayi tsohuwar bas, ya cire kujerunta, ya sa gado da ɗan tebur da labule, ta zama kamar ɗaki. A cikinta shi da matarsa suke zuwa ganin dangi da taron ikilisiya na nesa. Inda suka sauka, nan ne gidansu.

Ɗansu Filibus, wanda ya koyi aikin lantarki, shi ya ɗaura musu fitila a rufin motar, irin doguwar nan fara. Ya ja wayoyin a tsanake, ya naɗe kowace mahaɗa da hannunsa, ya kafa ɗan akwatin ƙarfen da ke ba ta wuta, wanda masu aikin suke kira cok. Bayan damina biyu, Filibus ya yi ciwon kwana shida, ya rasu.

To, irin wannan fitila ba ta jure gargadar hanya. Bakinta biyu sukan yi baƙi, ta riƙa ƙyaftawa tana kuka kamar sauro, wata uku ko huɗu ta mutu. Mutumin ya yi ta canjawa, kowace sabuwa kuwa ba ta kai ta baya haske ba, gama cok ɗin ma ya tsufa.

Wata rana mai gyaran wutar mota ya nuna masa sabuwar fitila mai ƙananan idanu jere, wadda ake kira LED. Ya ce ba ta tsoron gargada, ba ta shanye batir, tana yin shekaru. Sai dai dole a yanke tsofaffin wayoyin, a cire cok ɗin. Mutumin ya daɗe yana duban rufin motar, sa'an nan ya ce, "Hannun da ya ɗaura ta ba ya nan. Bar ta yadda take."

Al'adarsu ce, kowace safiya kafin rana ta fito, matar takan karanta Maganar Allah da murya, shi kuwa yana saurare da ido a rufe. Ran nan ya buɗe ido a tsakiyar karatun. Sai ya ga yatsanta a tsaye wuri ɗaya, tana ta karantawa, amma ba ta juya shafi ba. Ya sa tabarau, ya matso, ya tarar littafin a buɗe yake a wani wuri dabam. Da ka take faɗa. Nan ya tuna cewa an daɗe wurare biyar ko shida kaɗai yake ji.

Ya ce, "Maman Filibus, tun yaushe?"

Ta ce tun kafin bikin Ista baƙaƙen suka daina fitowa a wannan haske. Ya tambaye ta don me ba ta faɗa masa ba.

Ta ce, "Na san wanda kake gani in ka ɗaga kai. Ni ma shi nake gani." Ta share ido da gefen mayafi, ta yi 'yar dariya. "Kai ma dai, Malam, wata biyar ana maimaita maka abu ɗaya ba ka gane ba. Ashe gyangyaɗi kake yi, ina cewa addu'a ce."

Bai iya dariya ba. A ranar ya koma wurin mai gyara, ya ce a ba shi filaya, shi zai yanke da kansa. Ya yanke wayoyin ɗaya bayan ɗaya, ya kwance cok ɗin, ya miƙa wa matarsa, ta ƙulle shi a bakin zane. Mai gyaran ya ɗaura sabuwar.

Kashegari matar ta buɗe wurin da ba ta haddace ba, mai cike da sunaye masu wuyar faɗa. Ta yi tuntuɓe sau biyu, ta koma baya ta gyara. Mutumin ya ji tuntuɓen nan ya fi masa duk karatun da ya taɓa ji daɗi.

Ma'anar wannan misali ita ce: motar, gidajenmu ne. Tsohuwar fitila kuwa, abin da muka riƙe ne domin ƙaunar waɗanda suka riga mu, ko wata hanya tamu ta dā, ko baƙin cikin da muka saba da shi har muka ɗauke shi amana. Ƙaunar ba laifi ba ce, Ubangiji ya san ta. Filibus dai bai ɗaura fitila don a riƙa dubanta ba. Ya ɗaura ta don mahaifiyarsa ta ga karatu. Wanda ya tafi yana hannun Allah, cikin hasken da ba ya dushewa. Mai rai ne yake zaune a duhu kusa da kai, sau da yawa kuma ba zai faɗa ba, domin yana jin tausayinka.

'Yan'uwana, idan kun koma gida yau, kada ku jira a gaya muku. Ku buɗe ido, ku matsa kusa, ku tambaya: tun yaushe?