Guga Arba'in na Baba Kefas

Akwai wani maigida a wani ƙauye, ana ce masa Baba Kefas, yana da rijiya. To, kowa ma yana da rijiya, amma tasa ce ba a barin mutum ya manta da ita. Ka ce masa ina kwana, sai ya ce, "Lafiya lau, guga arba'in." Ba ƙarya yake ba: kowace safiya takan ba da guga arba'in kafin a taɓo laka, ta kwana ta sake tarawa.

Bayan katangarsa akwai wata gwauruwa, Mama Damaris, tata rijiyar guga goma sha biyu take bayarwa. Baba Kefas yakan leƙo ya ce, "Mama Damaris, yaya ɗan kaskon naki? Ki riƙa rufewa fa, kada kaza ta shanye."

Abin da bai taɓa zama ya duba ba shi ne, gidansa mutum ashirin ne, 'ya'ya da surukai da jikoki, kowa guga biyu ke nan. Gidan gwauruwar su uku ne, kowa huɗu.

Ana nan sai babban taron Zumuntar Mata ya faɗo ƙauyen, na kwana uku. Fasto ya tsaya a majami'a yana raba baƙi gida-gida, har ya ce, "Saura mata ashirin. Wa ke da ruwa?"

Baba Kefas ya miƙe ya gyara riga. "A kawo su duka."

Aka yi ta tafi. Don a girmama shi, fasto ya ce shi zai yi addu'ar rufe taro ranar Lahadi, a gaban dukan baƙi. A hanyar gida matarsa Afiniki ta ce, "Baban Ladi, rijiya fa ba ta san an yi baƙi ba."

Ya ce, "Ke dai ki share ɗakuna."

Ku da kuka san matan Zumunta, kun san ba sa hawa waƙa da zanen jiya. Kowace ta sauko da bokitinta da sabulunta. Ran Jumma'a mutum arba'in suka raba guga arba'in. Ran Asabar agwagin gidan suka je wurin kaji koyon wankan ƙasa, tuwo kuma ya yi taurin da ya karya muciya biyu. Baba Kefas ya kwana biyu bai yi wanka ba, yana cewa shi da ma ba mai yawan gumi ba ne. Jikokinsa ba su yi gardama ba, sun dai matsa nesa.

Ran Lahadi da safe Afiniki ta tsirar masa da ɗan ruwa a gindin bokiti. Ya shiga makewayi, ya shafe jiki da sabulu tun daga ƙeya har tafin ƙafa, yadda ya saba. Moɗa uku, ruwa ya ƙare. Sai ƙararrawar farko ta majami'a ta buga.

"Afiniki! Ƙaro ruwa!"

"Sai gobe da safe, maigida. Laka ce ta rage, in kawo?"

Ga kumfa a ido, ga mata ashirin a tsakar gida suna gwada murya, ba hanyar fita. Katangar makewayin kuwa ita ce ta gwauruwar. Ya matsa ya rage murya.

"Mama Damaris... 'yar'uwata cikin Ubangiji."

"Wa ke nan?"

"Kefas ne."

"Wane Kefas? Mai arba'in?"

"Shi ne. Ko guga ɗaya, don Allah."

Ta bari sai da sabulu ya gama aikinsa a idonsa, sa'an nan ta miƙo masa bokiti biyu ta kan katanga. Ba ta faɗa wa kowa ba. Ya isa majami'a fes, idanu jawur, baƙi suna cewa dattijon nan ya sha kuka cikin addu'a.

Ma'anar wannan misali ita ce: rijiya ita ce albarkar da Allah yake sabunta mana kowace safiya, guga kuma rabon yini ne. Baba Kefas shi ne duk wanda yake auna albarka da girmanta, ya manta da yawan masu sha. Haka yake a gida, haka yake tsakanin ƙasashe. Wata ƙasa tana taƙama da manyan koguna, amma in an raba wa mutanenta, rabon kowa bai kai na wata 'yar ƙasa mai rafi ɗaya ba.

Saboda haka, 'yan'uwa, kada ku raina ƙaramin gida, kada kuma ku yi alkawari da ruwan da iyalinku za su sha. Ke kuma mai goma sha biyu, kada ki ce ba ki da komai. In kowa a gidanki ya sha ya yi wanka har ya rage, wannan ragowar ba taki ba ce. Kasa kunne wajen katanga, akwai mai ita, yana jin kunyar kira ne kawai.