Manomin Da Ya Bar Dinyoyi Su Huta

Akwai wani mutum a bakin fadama, manomin shinkafa. Gonarsa ɗaya ce tak. Daga cikinta gidansa yake ci har shekara ta zagayo, daga cikinta kuma yake ware irin baɗi.

A wannan ƙasa, idan sanyi ya shigo, shinkafa ta sunkuyar da kai, sai dinyoyi su fara wucewa, manyan agwagin dajin nan masu tasowa daga nesa. Sukan jeru a sama sahu-sahu, suna tafe suna kuka. Saboda su kowane manomi yakan kafa rumfa a tsakiyar gona, ya ja igiya, ya rataya mata gwangwanaye, ya zauna gadi har a yanke shinkafa.

Mutumin nan ya yi duk wannan, ba abin da ya rage. Sai dai Allah ya yi shi da son kallo. Yakan kishingiɗa a kan rumfa, baki sake, yana mamakin yadda ta gaba take komawa baya in ta gaji, wata ta karɓe ta.

Wata safiya waɗansu 'yan kaɗan suka ware daga jerin, suka sauka a gefen gonarsa. Bai taɓa ganinsu kusa haka ba, sun kuwa ba shi sha'awa ƙwarai. Ya kai hannu ga igiya, sai ya fasa.

Maƙwabcinsa, wani dattijo da ake kira Baba Sila, ya hango shi daga tasa rumfar, ya ɗaga murya ya ce, "Kai ɗana, ja igiyar mana! Kallon me kake yi?"

Ya ce, "Haba Baba, matafiya ne, sun gaji. Nawa za su ci? Gobe war haka sun yi gaba."

Dattijon ya ce, "Ba waɗannan nake jiye maka ba, na saman nan ne." Ya juya ya ci gaba da kaɗa gwangwanayensa.

Ashe dinya ba ta sauka haka kawai. Sai ta hango 'yan'uwanta a ƙasa suna kiwo, ba mai kora, sa'an nan ta san wurin lafiya ne. Kafin rana ta yi tsaka wani garke ya sauka, wani ya biyo bayansa. Mutumin ya zabura, ya ja igiya har ta tsinke, ya yi ihu har muryarsa ta dishe. Ina! Su tashi su yi shawagi, su sake sauka a ɗaya gefen. Shinkafar da ba su ci ba suka tattake ta cikin laka.

Da suka yi gaba, ya tsince abin da ya saura, ya kai gida a kwando ɗaya. Matarsa ta dubi kwandon, ta dube shi, ta ce, "Maigida, wannan ta ci ce, ko ta iri?"

Ma'anar wannan misali ita ce: gonar zuciyarka ce, gadin kuwa tsaron da Ubangiji ya danƙa a hannunka. Dinyoyin farko su ne ƙananan zunubai waɗanda suke zuwa da kyaun gani: ɗan tsegumi a bakin rijiya, ƙarya ɗaya don a fita kunya, kallon da ba naka ba. Mukan ce wucewa za su yi. Amma tsegumi yana zama, sai ƙiyayya ta hango ta sauko, ƙarya kuma ta kira wata ƙaryar ta rufe ta.

'Yan'uwa, mutumin nan ba barci ya yi ba, bai kuma bar gonarsa ya tafi yawo ba. Yana zaune, idonsa biyu, yana gani. Yawancinmu ma haka muke, mun san abin da ya sauka, har sunansa mun sani. Ka roƙi Ubangiji ƙarfi ka kore shi yau, gama ba kai kaɗai za ka sha wahalarsa ba, har da mutanen gidanka.