Ladingo da Dokar Sarki

A zamanin da, a wata ƙasa mai nisa, an yi wani sarki mai ɗa guda ɗaya tal, ɗan shekara shida. Zazzaɓi ya kama yaron, da hantsi rai ya yi halinsa. Sarki ya zauna gaban gawar, ya ce barci yake yi, ya kuma kafa doka: duk wanda ya ce yaron ya rasu, a yanke masa harshe.

Aka wuni, aka kwana. Malamai suna zuwa su faɗi gaisuwa, su koma da maganarsu a ciki. Bayi suna ta ƙara turaren wuta.

Waziri ya tuna da Ladingo, 'yar kawun sarki, taubashiyarsa. A al'adarsu, duk abin da taubashi ya faɗa wasa ne, ba a hukunta shi. Ya aika aka kira ta.

Ta shigo da takalmanta, da ƙunshin farin ƙyalle a hammata, ta zauna a kan buzun sarki.

"Kai mai ƙaton rawani," in ji ta, "an ce ka hana mutuwa shiga gari. Dogarai nawa ka aika su kamo ta?"

Sarki ya ce, "Yi a hankali, Ladingo. Barci yake."

"To, tashe shi mu gaisa."



Sannan ta ce, "Ya rasu, ɗan'uwana. Tun jiya."

Sarki ya daka tsawa a kawo wuƙa. Waziri ya zube ƙasa. "Ranka ya daɗe, wasan taubashi ne!"

"Ba wasa nake ba, Waziri. Huɗu na haifa, huɗu na rufe. Wannan ma a bayana ya yi wayo." Ta kwance ƙyallen, ashe likkafani ne. "Yanke harshen. Amma ka bari a kai shi tukuna, ƙudaje sun fara damunsa."

Sarki ya daɗe yana duban ɗinkin likkafanin. Sannan ya kife kansa a gwiwarta, ya yi kuka irin na yara.

Kafin la'asar aka kai yaron makwancinsa, sarki ya soke dokar da bakinsa. Tun daga ranar, mutanen ƙasar in sun ga wanda ya tsaya gaban babba ya faɗi gaskiya ba ladabi ba tsoro, sai su ce ya yi ladingonci. Suna faɗa suna dariya. Ita kuwa ba a sake jin ta tsokani kowa ba.