Eriyar Baban Ruvimbo

Akwai wani direban bas a unguwar Mucheke da ke garin Masvingo, ana ce masa Takawira, a gida kuma Baban Ruvimbo, da sunan 'yarsa. Ba mugu ba ne, amma idan ya kafe a kan abu, kowa ma sai ya haƙura.

Da ya sayi sabuwar talabijin, suka tafi kasuwa neman eriya shi da matarsa Nyarai. Mai shago ya miƙo musu ƙarama ta cikin ɗaki, mai ƙaho biyu.

"Wannan ta ishe ku. A cikin gari kuke, ku ajiye ta bakin taga za ta kamo tashoshin gida."

Takawira ya tuntsire da dariya. "Wannan kunnen zomon? Ta maƙwabcina ta wuce bishiyar mangwaro, ni kuma in ɓoye tawa a falo?"

Nyarai ta sassauta murya. "Baban Ruvimbo, damina ta kusa, gidanmu kuma a kan tudu yake. Ina tsoron tsawa."

"Maman Ruvimbo, tsawa ba ta faɗa wa mutum haka kawai, aiko ta ake yi. Gonar wa na ƙwace? Matar wa na kalla? Ba ni da abokin gaba."

Ya sayi babba ta waje, ya haɗa dogayen ƙarafa biyu ya kafa ta a kan kwano. Wayar da ake binnewa don ta sauke wutar tsawa cikin ƙasa kuwa, ya ce sai wani watan.

Damina ta sauka. Duk lokacin da hadari ya haɗu, Nyarai takan lallaɓa ta zare wayar eriyar daga bayan talabijin.

Wata Asabar da la'asar, Takawira na kallon ƙwallo, gari ya yi baƙi ƙirin. Iska ta ɗauke cak. Kaji suka shige akurki tun rana ba ta faɗi ba. 'Yarsu Ruvimbo ta ƙudundune a bayan kujera.

Nyarai ta bar tukunyar sadza, wato tuwon masara, a kan wuta ta shigo. "Bari in zare wayar nan."

"An kusa tashi. Ki bari."

Ta tsaya a bakin ƙofa tana murza hannu. Rugugin yana ƙara matsowa, har gilashin taga na rawa. Ta sake roƙonsa.

Ya ja tsaki. "To je ki zare, in huta da mita."

Hannunta na kan wayar lokacin da falon ya yi fari fat.

Nyarai ta rayu, amma likita ya ce kunnuwanta duka biyu sun mutu. Takawira ya durƙusa a bakin gadonta yana ta ba ta haƙuri, ita kuwa sai kallon bakinsa take yi.

Kawunsa ya ja shi gefe. "Ɗana, wannan akwai sa hannu a ciki. Gobe mu je wajen boka a gano wanda ya aiko."

Takawira ya girgiza kai, hawaye na zuba. "Kawu, ba wanda ya aiko ta. Ni na kira ta, har na kafa mata sanda."

Darasi: Idan wanda ke ƙaunarka ya ce yana tsoro, ka saurare shi tun yana iya jin amsarka. Son a fi maƙwabci ba ya kare gida. Ku tura wa 'yan uwa kafin hadarin bana ya haɗu.