Ranar Da Ruwa Ya Cika Kwarin Ranuna

Akwai wani mutum a Madina, a farkon shekarun 1980, ana kiransa Lurwanu. Kakanninsa daga Kano suka zo aikin Hajji suka zauna, shi a nan aka haife shi. Dillalin raguna ne, Allah ya buɗa masa, sai dai ba ya son a ba shi shawara.

Garkensa yana cikin kwarin Ranuna, kudu da gari. Busasshen kwari ne, ya yi shekaru bai ga ruwan kirki ba. A gefen garken akwai ɗakin ƙasa inda mahaifiyarsa Hajiya Rakiya take zaune. Ta ƙi komawa gidansa na unguwar Ƙurban, ta ce benen yana wahalar da gwiwoyinta, kuma ta saba da kukan dabbobi.

A unguwar akwai Malam Balarabe, Bahaushen Sudan, ƙaramin ma'aikaci a ofishin hasashen yanayi. Aikinsa karanta na'urori da karɓar rahoto daga bakin teku.

Wata Talata bayan la'asar, Balarabe ya tsaya a ƙofar masallaci ya roƙi jama'a su saurare shi. Ya ce wata guguwa mai ƙarfi ta taso a Bahar Maliya, tana nufo gaɓa. Iskar ba za ta iso Madina da ƙarfinta ba, amma ruwan da take ɗauke da shi a kan duwatsu zai zuba, daga can kuma kwari zai biyo. Ya ce duk mai kaya ko iyali a cikin kwari ya kwashe su cikin kwana biyu.

Lurwanu ya ɗaga kai ya dubi sama, ba ko ɗigon gajimare. Ya yi dariya ya ce, "Ya sheikh, tsakaninmu da teku tafiyar awa nawa ce a mota? Jiya ka zo ƙasar nan, yau kai za ka koya mana halin kwarinmu? Ko gaibu ka fara sani?"

Wasu suka taya shi dariya. Balarabe bai ɗaga murya ba. Ya ce gaibu na Allah ne, shi abin da awo ya nuna kawai ya faɗa, kuma zai fi kowa murna idan ya zama kuskure.

Laraba ta zo ta wuce, rana tsaf. 'Yan kaɗan suka kwashe kayansu. Lurwanu kuwa duk wanda ya haɗu da shi sai ya tambaye shi ko ya sayi kwale-kwale.

Ranar Alhamis da hantsi ya tafi unguwar Anbariyya wajen wani mai gidan abinci da ke sayen raguna a hannunsa. Suna cikin shan shayi gab da azahar, wani direba ya shigo yana haki, ya ce sail ya sauko, wato ambaliya ta cika Ranuna. Lurwanu ya leƙa waje. Ko yayyafi ba a yi ba, sai dai can nesa kan duwatsu sama ta yi baƙi ƙirin.

Bai san yadda ya tuƙa motar ba. Da ya isa bakin kwarin, jan ruwa ne ke gudu da itatuwa da kwanon rufi. Babu garke. Inda ɗakin mahaifiyarsa yake, bango ɗaya ya rage a tsaye, yana kallo shi ma ya kwanta.

Ya durƙusa yana salati, yana kiran "Ummi, Ummi," kamar za ta amsa daga cikin ruwan.

Wani maƙwabci, Audi, ya dafa kafaɗarsa ya ce ya tashi, Hajiya tana gidan Malam Balarabe tun safe.

A can ya same ta zaune a kan darduma, matar gidan ta zuba mata shayi. Hajiyar ce ta ba shi labari. Balarabe ya tashi daga aiki da safe, ya ga sabon rahoto, ya nemi Lurwanu a gida bai same shi ba, sai ya wuce kwarin kai tsaye. Ta ƙi fita, ta ce ɗanta ya ce ba komai. Ya zauna a bakin ƙofa kusan awa guda yana lallashinta. Da ta yarda, gwiwa ta hana ta hawa tudun, shi ya goya ta har mota. Daga nan ya koma ya buɗe garken, ya kora ragunan da ya iya korawa zuwa tudu. Wajen rabinsu suka tsira.

Lurwanu ya juya wajen Balarabe ya ce, "Malam, na wulaƙanta ka a gaban mutane. Me ya sa ka koma?"

Balarabe ya ce, "Alhaji, kai ka yi mini dariya, ba Hajiya ba. Kuma ko kai ne a ɗakin, da na zo."

Lurwanu ya kama hannunsa da hannu biyu, hawaye na zuba. Washegari bayan sallar Juma'a ya tsaya a ƙofar masallacin unguwa, ya nemi gafararsa a gaban kowa, ya ce bayan Allah, wannan bawan ne ya bar masa uwa.

Hajiya Rakiya ta ƙara shekara tara a duniya. Har ta rasu, ba ta taɓa idar da salla ba tare da ta sa sunan Balarabe a addu'a ba.

Darasi: Kada ka raina gargaɗi saboda ka raina wanda ya kawo shi, kuma jin maganar masu ilimi ba rashin tawakkali ba ne. In kai ne aka yi wa dariya a kan gaskiya, kada hakan ya hana ka taimako. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu zama kusa da hanyar ruwa.