Ja'afaru Bai Waiwaya Ba

Akwai wani matashin manomi mai suna Ja'afaru, a wani ƙauye tsakanin Tsanyawa da Ɗambatta, inda gona ke manne da gona. Abin da ke raba ta wannan da ta wancan layin gamba ne kawai, ciyawar nan mai ƙarfin tushe da kakanni suka dasa a kan iyaka.

Shekarar ta zo da wuya, jama'a. Ruwa ya ɗauke gero yana tsaka da fitar da kai, magidanta suka koma ɗora tukunya sau ɗaya a yini. Abin da Ja'afaru da mahaifinsa Malam Sama'ilu suka girba bai kai rabin rumbu ba. A ciki tsohon ya zaɓi zangarniya mai kyau ya ɗaure ta daban, ya ce wannan iri ne, ko yunwa za ta kashe su ba mai taɓawa.

A shekarar ne Alhaji Nababa, wani babban ɗan kasuwar hatsi, ya sayi gonar da ke jikin tasu. Bayan kaka ya turo 'yan ƙwadago suka sare gambar iyaka, suka banka wa tushenta wuta, suka zuba taki a kai. Sai ga turaku an kafa can cikin gonar Malam Sama'ilu, an cinye masa gefen da ya fi riƙe danshi.

Tsoho ya je ya sami Alhaji a gaban mutane.

"Alhaji, ka ji tsoron Allah. Gambar nan mahaifina ne ya dasa ta da hannunsa."

"Wace gamba?" in ji Alhaji Nababa. "Nuna mini ita."

Da tsohon ya riƙe masa hannun riga, sai ya hankaɗe shi. Malam Sama'ilu ya faɗi, hularsa ta gangara cikin ƙasa, ba wanda ya shiga tsakani, don rabin mutanen wajen hatsin Alhaji suke ci. Ya tashi da kansa ya koma gida, bai ƙara fitowa ba. Ba a jima ba aka kai shi makwancinsa.

Ja'afaru ya kai ƙara wajen dagaci, idanunsa jawur.

"Ɗana," in ji dagaci, "gamba ba ta mutuwa don an ƙone kanta. Tushenta na nan a ƙasa. Ka bari ruwan farko ya sauka, za ta tofo daidai inda take. Ranar zan tara dattawa mu je mu gani da ido, Alhaji kansa ba zai sami ta cewa ba."

"Ranka ya daɗe, sai ruwa ya sauka? Ubana fa yana kabari!"

"Na sani. Ka yi haƙuri."

Wallahi a lokacin ba kalmar da Ja'afaru ya tsana kamar haƙuri. Kowa ita yake faɗa masa, daga liman har mai sayar da goro. Barci ya ƙi, abinci ya ƙi. Da ya rufe ido sai ya ga hular nan tana gangarawa.

Wuri ɗaya yake samun sauƙi. Abokinsa na ƙuruciya, Khalilu, yana da rumfar kallo a gefen kasuwa, inda yake tayar da ɗan janareto ranar kasuwa ya saka finafinai. Akwai wani fim na ɗaukar fansa da matasa suka fi so: an kashe mahaifin jarumi an ƙwace musu gida, shi kuma ya bi mugayen ɗaya bayan ɗaya.

Gaskiya ɗaya ce, an iya fim ɗin. Wajen da jarumin ke tona kabarin ubansa da hannu, ko masu surutu shiru suke yi, ka ga ƙato yana share hanci a ɓoye. Faɗan ma ba ya gundura. Duk wanda aka taɓa zalunta, in ya kalla sai ya ji kamar an san da shi a duniya. A ƙarshe jarumin ya cinna wa rumbun ajiyar babban mugun wuta, ya juya baya yana tafiya a hankali, wuta na ci a bayansa, ko waiwaye bai yi ba. Daga nan sai rubutun ƙarshen fim ya hau.

Ja'afaru ya kalle shi har ya haddace. Wata rana bayan an watse, Khalilu yana naɗe waya ya dube shi.

"Kai wai ba ka gajiya ne? Fim ɗin nan ya kusa sanin sunanka."

"Namiji ke nan, Khalilu. Shi ba wanda ya ce masa ya jira ruwa."

Khalilu ya yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba.

"To tsaya in tambaye ka. Tun da kake kallo, ka taɓa ganin mutumin nan ya ci tuwo? Ka ga uwarsa? Ka ga maƙwabcinsa? Ba shi da kowa, shi ya sa. Kuma ka lura, da wuta ta tashi suke kashe fim. Ni dai ina son in ga washegari, in ga wanda ya share tokar."

"Kai matsoraci ne tun muna yara."

"Na yarda. Amma wutarsu ta fim ce, inda aka ce ta tsaya nan take tsayawa."

Ja'afaru ya tsaya yana kallon jarkar man da ke gefen janareto.

A gida, mahaifiyarsa Inna Hure ta ga alama, don uwa ba a yi mata ɓoyo. Ta same shi zaune a zaure ya haɗa kai da gwiwa.

"Ja'afaru, dube ni. Mijina ne ya mutu, ni ma zuciyata ba dutse ba ce. Amma abin da ya bar mana biyu ne, gonar nan da irin da ke cikin rumbu. Kar ka yi abin da zai raba mu da su. Damina ta kusa."

"To, Inna."

Bakinsa ne ya ce to.

A ƙauyen, ba a gina rumbu cikin gida. A bayan gari ake jera su kusa da masussuka, don ko gobara ta tashi a gidaje abinci ya tsira. Manyan rumbunan Alhaji Nababa suna can farkon layi, cike da dammunan gero. Na su Ja'afaru ɗan ƙarami yana can ƙarshe, tsakaninsu akwai na mutane da dama.

Ranar wata Juma'a a tsakiyar bazara, maza suka tafi masallaci a garin da ke kusa. Ja'afaru ya ce kansa na ciwo. Rana ta take, gari ya yi tsit. Ya fito da kwalbar fetur a ƙarƙashin riga, ya ɗebi ƙasa ya saki don ya ga inda iska ke kaɗawa. Ta yi wajen daji. Ya ce a ransa, shi ke nan, na Alhaji kaɗai za ta ci.

Ya watsa man a jinkar ɗaya daga cikin rumbunan Alhaji, ya ƙyasta ashana.

Kai! Wutar ta tashi da wani irin gurnani. Ja'afaru ya ji wani sanyi a ƙirjinsa wanda rabonsa da shi tun ranar jana'iza. Ya juya baya ya fara tafiya a hankali, kafaɗa a buɗe, yadda ya gani. Ya yi wa kansa alkawari ba zai waiwaya ba.

Da ya waiwaya, da ya ga iskar bazara ta juya. Manomi ne shi, ya san halinta sarai, amma ranar ba manomi ne ke tafiya ba. Guguwa ta sunkuci jinka mai ci ta jefa kan rumbun gaba, na gaba ya ba na gabansa, karan dawa da aka jingine a tsakani ya zama mata hanya.

Ihun mata ne ya tsayar da shi. A cikin ihun ya tsinci murya ɗaya.

"Iri! Wayyo irin Malam!"

Ya juyo a guje. Ya tarar da Inna Hure ta hau jikin rumbunsu, tsohuwa da ita, tana yaye jinka mai wuta da hannu tsirara. Ya fizgo ta suka faɗi tare, hannayenta duk sun saɓule. Rumbun ya rufta a gabansu.

"Ni ne, Inna!" yake ta faɗi yana birgima a ƙasa. "Ni na sa ta! Ni ne!"

Mata duk sun ji. Ko da maza suka dawo daga masallaci, layin rumbunan ya zama toka, har da na wata gwauruwa mai marayu wadda ba ta taɓa ce wa Ja'afaru ko ci kanka ba.

Aka taru a ƙofar dagaci. Wasu suka ce a miƙa shi ga hukuma. Inna Hure ta durƙusa da hannaye a naɗe da tsumma tana roƙo, don in aka ɗaure shi ba ta da mai nema mata ko kunu. Magidanta kuwa kuka suke, me za su ba iyali kafin kaka?

Sai Alhaji Nababa ya yi gyaran murya. Shi asararsa ba ta girgiza shi ba, yana da wasu ɗakunan hatsi a kasuwa. Ya ce zai ciyar da duk wanda rumbunsa ya ƙone, ya ba su iri, ya kuma janye maganar hukuma. Sharaɗinsa ɗaya: a ba shi gonar Malam Sama'ilu gaba ɗaya.

Dagaci ya sunkuyar da kai. Ba wata mafita. A gaban shaidu Ja'afaru ya ce ya amince.

Ba a daɗe ba hadari ya haɗo, ruwan farko ya sauka. Bayan 'yan kwanaki sai ga wani koren layi ya keto ta cikin takin da aka zuba, miƙaƙƙe tun daga bakin hanya har gindin tsamiya, can nesa da turakun Alhaji. Gamba ta tofo daidai inda tsohon ya ce take.

Dagaci ya cika alkawari. Ya tara dattawa suka je suka gani, ya ce a gaban kowa Malam Sama'ilu ne mai gaskiya. Alhaji Nababa ya ɗaga kafaɗa ya ce ai yanzu duk ɗaya ne.

Ja'afaru yana wajen. Shuka yake yi a gonar, cikin 'yan ƙwadagon Alhaji, don a ba shi abin da zai kai gida.

Da yamma Inna Hure ta ce ya kai ta ta gani. Ya riƙe ta suka taka har wajen. Ta durƙusa ta shafa ciyawar da bayan hannu, don tafin bai warke ba. Ja'afaru na tsaye hawaye na zuba.

"Ga shaidar ubanka ta fito, Ja'afaru," ta ce. "Yanzu wa za mu kai wa?"

Darasi: Fim ɗin fansa yana sanyaya zuciyar wanda aka zalunta, amma a wajen wuta yake ƙarewa, ba ya nuna maka washegari. Kai kuwa kana da uwa, kana da maƙwabta, kuma kai za ka kwana cikin tokar. In an cuce ka, nemi haƙƙinka ta hanyar da ta dace, ka yi haƙuri gaskiya ta fito, kar fushi ya sa ka miƙa wa azzalumi abin da ya kasa ƙwata da kansa. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman matasanmu masu zafin zuciya. Wataƙila yanzu haka akwai mai riƙe da ashana da labarin nan zai sa ya ajiye ta.