Sarkin Nawa da Baƙin da Aka Kawo Masa

Akwai wani tsohon direban bas da ɓarin jikinsa ya shanye, sai autarsa ta ɗauko shi ta dawo da shi gidanta a saman bene. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan titi, yanzu iyakar tafiyarsa daga gado zuwa kujera. Harshen ma ya yi nauyi, kalma ɗaya sai ya yi kokawa da ita kafin ta fito.

Abokin zamansa jan kifin ado ne a akwatin gilashi, mai ƙaton ciki da doguwar jela. Saboda sanyin jikinsa Baba ya sa masa suna Sarkin Nawa. Shi kaɗai ne a gidan ba ya gaggawa, shi ya sa jininsu ya haɗu.

Auta tana son mahaifinta kamar ranta, amma Allah Ya yi ta da gajen haƙuri. Ba ta taɓa bari ya kai ƙarshen magana.

"Auta, kifin nan..."

"Kaɗaici ko? Na sani, Baba."

Ruwan yake so ya ce a canja. Washegari sai ga ta da ƙananan kifaye masu zane a cikin leda, ta juye su ciki tana murna. Shi ma Baban ba ta bar shi haka ba, ta sa ƙannen mijinta su riƙa zuwa taya shi hira. Su cika ɗakin da musun ƙwallo, kafin ya kai cokali baki sun share kwanon.

Baba yana zaune yana ganin abin da ke faruwa a gilashin. Ƙananan nan ba sa zama wuri ɗaya. In aka zuba abinci, kafin Sarkin Nawa ya juyo sun cinye. In sun gama sai su bi shi suna tsinkar jelarsa, har ta koma kamar tsumma. Ya koma bayan injin tace ruwa ya maƙale, ba ci ba motsi.

"Auta, ƙananan nan..."

"Sun yi kyau ko? Zan ƙaro maka!"

Yana kallo ana kashe masa aboki, ga baki amma ba magana.

Wata safiya ya ga Sarkin Nawa ya fara kwantawa a gefe ɗaya. Ya ja jiki da kofi a hannunsa mai lafiya, ya tsoma a ruwan ya ɗebo kifin. Ƙafa ta ƙi ɗaukarsa, ya zube ƙasa, amma bai saki kofin ba.

Auta ta shigo a guje. "Baba! Ƙishirwa kake ji? Ai da ka..."

Ya damƙe mata hannu, idonsa ya ciko. "Ki... bari... in... gama."

Ya daɗe yana haɗa kalmomin, ita kuwa ta jira har ƙarshe. "Cizonsa... suke. Ba... jinsinsa... ba ne."

Ta leƙa kofin ta ga kifin da yagaggiyar jela yana numfashi da ƙyar, sai hawaye. Ranar ta kwashe ƙananan ta mayar wa mai sayarwa. Da Sarkin Nawa ya warke, ta kawo masa ɗan'uwansa mai irin nawarsa.

Sai ta durƙusa gaban kujerar. "Kai fa, Baba, wa kake so ya riƙa zuwa?" Ta kama bakinta.

"Mai... faci," in ji shi. Tsohon amininsa ne na tasha, wanda kunnensa ya yi nauyi.

Yanzu in ka shiga ɗakin, tsofaffi biyu za ka tarar gaban gilashi, ba mai ce wa wani uffan, kuma ba a taɓa ganin Baba cikin walwala irin haka ba.

Darasi: Kafin ka zaɓa wa wani abokin zama, duba halinsa, ka tambaye shi, sannan ka jira ya gama magana. Ku tura wa duk mai kula da tsoho a gida.